Shagon Kawu na Biyu

Tun ina yaro nake kallon yadda Kawu ke rufe shagonsa a kasuwar Sabon Garin Zariya. Da yamma ta yi, sai ya shigar da buhunan da ya baza a bakin ƙofa, ya rubuta cinikin ranar a wani dogon littafi mai baƙin bango, ya jawo ƙyaure, ya zura sakata, ya danna kwaɗo biyu. Ko bayan haka ba ya tafiya nan take. Sai ya kama kowane kwaɗo ya jijjiga, ya yi addu'a ya tofa, ya yi taku uku ko huɗu, ya waiwayo ya sake dubawa. Mu yara mukan yi dariya a ɓoye, muna cewa Kawu bai yarda da hannunsa ba. Wata rana ya ji mu, ya ce, "Abin da ke ciki ba nawa ba ne ni kaɗai. Daminar mutane ce a cikin buhunan nan."

Irin shuka yake sayarwa: masara da dawa da wake da gyaɗa, mafi yawansu irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta inganta, waɗanda sunayensu ke ɗauke da harufan farko na sunan garin, wato SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. Manoma kan zo masa daga Giwa da Kudan da Makarfi da Soba, wasu ma daga Funtuwa. Wannan sana'a ba kamar ta mai sayar da atamfa ba ce, inda mai saye zai murza yadi ya gane ingancinsa. Manomi ba ya gane iri mai kyau da ido. Sai ya zuba shi a ƙasa, ruwa ya sauka, kwanaki sun wuce, sannan zai san ko an cuce shi, a lokacin kuwa damina ta riga ta yi nisa. Saboda haka abin da manomi ke saye a wurin Kawu, kafin iri, maganarsa ce. Da wannan magana ya riƙe gidansa, ya riƙe namu bayan rasuwar mahaifina, ya biya mini kuɗin makaranta har na shiga Jami'ar Ahmadu Bello.

A shekarar 2018 ina aji uku ina karatun kwamfuta, ina zaune a wani ɗakin haya a Samaru. Na fara jin kaina wani abu ne, kuma ina neman hanyar da zan nuna wa Kawu cewa kuɗinsa bai faɗa rijiya ba. Ranar wata Asabar na hau bas daga bakin babbar ƙofar jami'a, muka bi ta Kwangila, na sauka a Sabon Gari da shawara a bakina.

Na ce, "Kawu, zan buɗe maka shago na biyu. Ba ya rufewa dare da rana. Manomi yana gidansa zai ga irin da ke akwai da farashinsa, ya tura kuɗi banki, a ɗora masa kaya a mota."

Ya ce, "A wace kasuwa yake?"

Na ce, "A intanet."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, ɗana, wa ke gadinsa da dare?"

Na yi murmushi irin na ɗalibin da ya ga tsoho ya yi tambayar da ba ta shafi zamani ba. Na ce masa irin wannan shago ba ya bukatar maigadi. Cikin duk abin da na faɗa a rayuwata, babu maganar da na fi jin kunyarta kamar wannan.

Ga wanda bai sani ba, shafin intanet ba a iska yake rataye ba. Tarin rubutu ne da hotuna da ke ajiye a cikin wata kwamfuta wadda ba a kashe ta, a wani gini, sau da yawa a wata ƙasa. Wanda ya mallaki kwamfutar yana ba da hayar wuri a cikinta, shi ne mai masaukin shafi. Sai kuma adireshi, sunan da mutum zai rubuta ya iso wurinka, wanda shi ma hayarsa ake yi shekara-shekara. Adireshin da ke ƙarewa da harufan Nijeriya, wato .ng, yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA ne. Masauki kuwa iri-iri ne. Akwai wanda za a ba ka gida sukutum, akwai kuma mai araha, inda ake cusa ɗaruruwan shafuka a kwamfuta ɗaya. Wannan na biyun ya yi kama da gidan da nake haya a Samaru: ɗakuna goma sha biyu, zaure ɗaya, rijiya ɗaya. In mai gidan mai kula ne, kowa na kwana lafiya. In kuwa ba ya gyara katanga, sakacin maƙwabci kan zama asararka.

Ni na zaɓi mafi araha da na samu, wurin wani kamfani da wani abokina ya nuna mini. Ban tambaye su ko suna ajiye kwafin shafi don ko-ta-kwana ba, ban tambayi wa zan kira in wani abu ya faru ba. Na gina shafin da WordPress, manhajar da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da ita a yau. Ita kanta kyauta ce, kuma masu ita suna toshe ɓarakarta a kai a kai. Amma na ga wata riga ta ado da ake sa wa shafi, mai hotuna masu motsi, wadda ake sayarwa da dala. Ba ni da dala. Sai na sami wani wuri da ake raba kwafinta na sata kyauta, na sauke, na ɗora. Kalmar sirrin shiga kuwa, sunan shagon na sa da shekarar haihuwata. A kwamfutata shafin ya fito kamar amarya. Na ɗora lambar asusun Kawu a tsakiya da manyan lambobi.

Darasi na farko a teburin mai shayi na same shi. Akwai wani mai shayi kusa da ɗakina wanda ke noma a ƙauyensu duk damina. Na karɓi ƙaramar wayarsa mai madannai don in burge shi, na rubuta adireshin. Muka jira. Shayina ya huce, shafi bai gama buɗewa ba. Da ya buɗe, hotunan nan masu motsi sun haye kan juna, madannin da ake taɓawa a ga farashi ya ƙi aiki, kuma datarsa ta ragu ƙwarai. Ya karɓi wayarsa ya duba, ya ce, "Malam, waɗannan akwatunan fa? Ko maganin ne a ciki?"

Na leƙa. Duk inda na rubuta harafi mai ƙugiya, wato ƙ ko ɗ ko ɓ, wani ɗan akwati ne fanko ya fito a madadinsa. Inda na sa "maganin ƙwari", akwati ne a gaba, "wari" na biye da shi.

A daren nan na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Manhajar da ake buɗe shafi da ita, wadda ake kira burauza, ba ɗaya ba ce, kuma ba duka suke karanta shafi iri ɗaya ba. Ni da Chrome nake aiki, a kan intanet ɗin jami'a. Mai shayi da mafi yawan abokan cinikin Kawu da Opera Mini suke shiga, domin tana rage cin data. Aikinta irin na dillali ne: ba ta kai ka shagon kai tsaye, sai ta aika kwamfutocin kamfaninta su ɗauko shafin, su matse shi, su sauke masa nauyi, sannan su miƙo wa wayarka. A wajen matsewar nan yawancin kwalliya mai motsi kan lalace, kuma salon harufan da mai shafi ya zaɓa ba ya isowa. Wayar da harufan da ke cikinta take amfani, in kuwa ba ta san ƙ ba, sai ta ajiye akwati.

Abin ya tsaya mini a rai, domin waɗannan harufa 'yan gida ne. A shekarun 1930 aka shigar da su rubutun boko, lokacin da Rupert East ke jagorantar aikin fassara da talifi a nan Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya suka amince da shi, ya ba kowannensu lambarsa. Amma samun lamba daban, a ce kowace waya ta san yadda ake zana shi daban. Wani abokina ya ce in cire ƙugiyar kawai, ai kowa haka yake rubutu a waya. Na gwada, sai na ga ga manomi abin ba wasa ba ne. Ƙwari su ne masu cin amfanin gona, kwari kuwa gangaren ƙasa ne inda ruwa ke kwanciya. Ƙasa ita ake shukawa a ciki, kasa kuwa gazawa ce. A ƙarshe na bar harufan yadda suke, na sauƙaƙa shafin farashi, na sa hoton kowane buhu ƙarami mai ɗauke da sunansa a rubuce, yadda ko waya ta gaza, hoto zai faɗa. Rigar adon dai ban cire ta ba. Ina son ta.

A watan Yulin 2018 Chrome ta fara rubuta gargaɗi a gefen adireshin duk shafin da ba ya ɓoye saƙon da ke tafiya tsakaninsa da mai karatu, tana cewa ba shi da tsaro. Namu na ciki. Na nemi takardar shaidar da ake bukata daga Let's Encrypt, wadda ke ba da ita kyauta, ana sabunta ta duk kwana 90. Da na gama, sai ga alamar ɗan kwaɗo ta fito kusa da sunan shagon. Na garzaya Sabon Gari na nuna wa Kawu.

Na ce, "Kawu, ga kwaɗon da kake tambaya."

Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Ɗan ƙarami ne. Ana iya jijjiga shi?"

Na ce ba a bukata. Abin da ban gaya masa ba, domin ni ma ban tsaya na fahimta ba, shi ne wannan kwaɗo hanya kawai yake tsarewa. Yana hana wanda ya tsaya tsakanin wayar manomi da shafin ya leƙa ko ya sauya saƙo. Bai san kome ba game da wanda ya riga ya shiga cikin shago ya zauna a kan kujerar mai shi.

Shafin ya yi aiki. Manoma matasa suka riƙa dubawa suna gaya wa iyayensu, kuɗi na shigowa, Kawu na ɗora kaya a motocin tasha. Na shiga hidimar karatun shekarar ƙarshe, na yi wata huɗu ban leƙa cikinsa ba. Saƙonnin da ke cewa in sabunta manhaja suka taru, na ƙyale su, don na san rigar sata ba ta karɓar sabuntawa, tana iya wargajewa.

Cikin azumin 2019, a watan Mayu, ruwan farko ya sauka. Ranar wata Talata da hantsi Kawu ya kira ni. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce in zo yanzu.

Na tarar da wani dattijo zaune a kan benci a bakin shago, da ɗansa a tsaye riƙe da waya. Daga wajen Giwa suka zo. Kwana biyar da suka wuce ɗan ya tura kuɗin buhunan masara na mutum shida, 'yan ƙauye ɗaya da suka haɗa kuɗinsu, wasu sai da suka sayar da awaki. Sun jira mota ba ta kawo kome ba. Kawu ya duba asusunsa, ko kwabo bai shigo ba. Yaron ya nuna mini shaidar banki, sannan ya buɗe shafin. Kome yana nan yadda na bar shi: hoton shago, farashi, ɗan kwaɗon nan a sama. Lambobi goma ne kawai suka sauya, da sunan mai asusu, an kuma ƙara layi ɗaya cikin Hausa mai kyau, wai wannan asusun sabon manajan shago ne.

Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Dattijon bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, shekara ashirin ina sayen iri a hannunka. Da na ga sunanka a wayar yaron nan, ban tambayi kowa ba."

Kawu bai dube ni ba. Ya tashi ya shiga ciki, ya kira ɗan dako, ya sa aka fito da buhunan mutum shida cif, ya biya kuɗin mota. Ya ce, "Malam, ku je ku yi shuka, ruwa ba ya jiran shari'a. Kuɗinku ya iso wurina tun da sunana kuka gani." Kafin mako ya ƙare, mutum uku suka sake zuwa da irin wannan labari, kuma duka haka ya sallame su. Ribar daminar nan gaba ɗaya ta tafi, har da wani abu daga uwar kuɗi.

A ranar na sauke shafin. Na rubuta wa masu masaukin, sai bayan kwana uku aka amsa, aka ce ajiye kwafi ba ya cikin tsarin da na biya. Gaskiyarsu, yana rubuce a sharuɗɗan da na amince da su ban karanta ba. Muka kai ƙara banki, muka cike takardu, aka ce an riga an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga. Wani malaminmu ya zauna da ni muka bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, har muka kai ga wasu layuka da aka ɓoye a cikin rigar adon nan. Ƙofar baya ce, an gina ta tun kafin in sauke rigar. Wanda ya raba ta kyauta ya ajiye wa kansa mabuɗi. Malamin ya ce mini ba lalle ne wani ya zauna ya nufi shagon Kawu tun farko ba. Masu kutse suna sakin manhajoji da ke yawo dare da rana suna taɓa ƙyauren dubban shafuka, duk wanda ya motsa sai su shiga, su sayar da mabuɗin ga wanda ya san abin da zai yi da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga shi.

Na yi kwana biyu ban iya zuwa gidan Kawu shan ruwa ba. A na uku ya aiko a kira ni. Bayan mun yi sallar magariba na durƙusa na ce, "Kawu, ka gafarce ni. Zan rufe abin nan har abada, kuma in na fara aiki zan biya ka."

Ya ajiye kofin kunu ya ce, "Rufewa ba biya ba ce. Yaran nan sun saba dubawa, in ka rufe, gobe wani zai buɗe da sunana, ba kuma wanda zai gane. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ka koma ka gina, amma wannan karon ka amsa mini tambayata."

Na san tambayar da yake nufi.

Na sake gini daga tushe bayan sallah. Na nemi masauki mai ɗan tsada, kuma kafin in biya na yi musu tambayoyin da mai neman haya ke yi wa mai gida: sau nawa kuke ɗaukar kwafi, ina kuke ajiye shi, kun raba ɗakina da na maƙwabta, wa zai amsa in na kira cikin dare? Na jefar da duk abin da ban san asalinsa ba. Na sa doguwar kalmar sirri wadda ba ta da alaƙa da sunan kowa, na ƙara mataki na biyu, yadda ko an sace ta sai an sami lambar da ke fitowa a wayata. Na sa shafin ya riƙa aiko mini saƙo duk lokacin da aka sauya ko harafi ɗaya. Na goge sunaye da lambobin wayar manoma da na tara ba tare da wata bukata ba, domin abin da ba ka ajiye ba ɓarawo ba ya ɗauka. Daga baya, a 2023, Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a wadda ta ɗora wa mai tara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Ni dattijon Giwa ya riga ya karanta mini tawa dokar a kan benci.

Lambar asusu kuwa, Kawu ne ya yanke hukunci. Ya ce a cire ta. A wurinta muka rubuta cewa kada kowa ya tura kuɗi sai ya kira ya ji muryar Alhaji, kuma shagon ba shi da manaja. Na yi gardama cewa hakan ya rage amfanin shafin. Ya ce muryarsa ce kaɗai abin da ya san ba a saukewa kyauta. Yau da ake maganar na'urorin da ke kwaikwayon murya, nakan tuna wannan magana da ɗan tsoro, amma manoman sun ƙara nasu matakin: sukan tambaye shi labarin gonarsu ta bara, abin da ke cikin littafin nan mai baƙin bango.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da na cire kwalliyar, matsala biyu ta warware a lokaci guda. Shafin da ba shi da tarkace yana buɗewa a wayar mai shayi kafin ya gama juya madara, kuma ba shi da lungunan da ɓarawo zai laɓe. Da can na ɗauka faɗaɗa ƙofa domin talaka da ƙarfafa ƙyaure domin ɓarawo ayyuka ne masu karo da juna. Ashe rigar da na ɗora don a yaba mini ita ce ta tare wa manomi hanya, ita ce kuma ta buɗe wa ɓarawo.

Yanzu gina shafuka ne sana'ata. Ina yi wa makarantu da ƙananan 'yan kasuwa a Samaru da Sabon Gari, kuma nakan rasa ciniki saboda akwai mai yi da rabin kuɗina. Ba na miƙa aiki sai na gwada shi a waya uku: tawa, da ta Inna, da tsohuwar wayar mai shayin nan da na saya a hannunsa na ajiye a aljihun tebur. Kalmar farko da nake dubawa ita ce ƙwari.

Kawu ya tsufa, ɗansa ne ke zama a shago yawancin ranaku. Kuɗin nan na biya shi a hankali cikin shekara uku, ya karɓa bai ce kome ba, daga baya na ji ya saya wa ƙannena kayan makaranta da su. Duk daren Alhamis nakan buɗe shafinsa, in sabunta abin da ke neman sabuntawa, in sauke kwafi in ajiye, in karanta kowane layi da idona. In na gama na rufe kwamfuta, sau da yawa nakan kai bakin ƙofar ɗaki, in dawo in sake buɗewa in duba. Matata tana dariya, tana cewa ban yarda da hannuna ba.